Shinkafar Inna Ranar Uku

Ranar da mijina ya kwana uku a ƙasa aka yi wata gardama a tsakar gidana wadda har yau ban yafe ba.

Mu Kirista ne, muna zaune a Nasarawa cikin Birnin Kebbi, maƙwabtanmu duk Musulmi. Akwai wata tsohuwa mutuniyar Gulma da katanga ce kawai ta raba mu, kowa Inna yake ce mata. Duk jinyar da mijina ya yi, ita ke kawo masa kunu da safe. A wurin Musulmi, ranar uku ana dafa abinci a yi wa mamaci sadaka. Ba ta yi shawara da ni ba. Ta dafa shinkafar gonar 'ya'yanta da kifin Argungu, ta ɗauko a ka cikin babban kwano.

'Yan ikilisiyarmu, wato cocinmu, suna zaune kan benci. Dattijon ikilisiya ya tare ta tun kafin ta iso inda nake.

"Inna, wannan fa?"

"Sadakar ukku ta," in ji ta. "Allah shi jiƙan maƙwabcina."

Ya ce ta dakata. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ce bishara ta koya mana ceto kyauta ne, abinci ba ya isa wurin mamaci. Wanda ya ci wannan, ya yarda ke nan ceton marigayi da saura.

Fastonmu, matashi ne, ya ce ai a cikin Littafin wani manzo ya rubuta a ci abin da aka ajiye wa mutum ba sai ya yi bincike ba.

"Karanta gaba," in ji dattijo. "In an faɗa maka na mene ne, ka bar shi. Ga shi ta faɗa."

"Ai kai ka tambaye ta, Baba. Kuma wurin nan zancen gumaka yake. Inna gunki take bauta wa?"

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake karanta wurin nan."

Wasu suka yi dariya. A gidan makokina. Suka ci gaba da buɗe shafuka, kowa na neman ayar da za ta kayar da ɗan'uwansa. Inna tana tsaye, kwano a kanta, wuyanta yana rawa, romo yana bin gefen mayafinta. Cikin masu karatun nan ba wanda ya ce mata ta sauke.

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, in ba a ci nan, sai in koma da shi. Ba komi."

Na san in kwanon nan ya fita, ba za ta yi fushi ba. Amma ba za ta ƙara shigo mini da komai ba, don kada ta jawo mini magana.

Na tashi na sauke mata. Na wanke hannu, na zauna a ƙasa, na sa hannu cikin shinkafar. Ita ce lomar farko da ta wuce mini tun ranar jana'iza. Dattijo ya rufe littafinsa ya fita ba sallama. Fasto ya fara yi wa sauran bayanin cewa abin da na yi shi ne daidai da nassi. Na ce masa, "Fasto, don Allah ya isa."

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Inna ta zauna kusa da ni, tana cire mini ƙaya daga kifin tana turo mini tsokar.