Bai Ga Ranar Da Aka Buɗe Wokshop Ba

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Habibu, wanda a gida nake kira Abban Amira. Korona ce ta yi ajalinsa a nan Kuala Lumpur, inda yake koyar da gyaran firiji da iyakwandishan a wata kwalejin koyon sana'a mai zaman kanta, kusa da gidanmu a Wangsa Maju.

Da kuɗin ɗalibai kwalejin take rayuwa. Kwas ɗin da ya cika a bar shi, wanda ɗalibai suka yi ƙaranci a rufe, malaminsa ya kama gabansa. Zango-zango ake sabunta kwantiragin Abban Amira, kuma a kan wannan kwantiragi izinin zamanmu a ƙasar ya rataya. Mutumin da ya zo koyarwa, sai ga shi ranar Asabar yana raba takardun tallar kwaleji a bakin tashar jirgi. Yakan dawo yana ba da labarin da dariya, amma na san abin yana ci masa rai.

Da aka rufe gari saboda korona, karatu ya koma ta waya. Har firijinmu ya kwance a tsakiyar falo don yara su gani, to amma gani daban, taɓawa daban. Ana haka hukumar kwalejin ta ce a ba kowa sakamako a yaye shi a kan lokaci, kada iyaye su janye 'ya'yansu. Ya ce shi ba zai shaidi yaron da bai taɓa riƙe bututun gas ba.

Ni kam tsoro ya kama ni. Na ce, "Abban Amira, in suka ƙi sabunta maka, ina za mu nufa da yara, ga iyakoki a rufe?"

Ya ce, "Maman Amira, ɗakunan da mutane ke kwana za su shiga su yi aiki. Ba zan iya ba."

Ya dinga kiran sauran malamai ɗaya bayan ɗaya, Malay da 'yan Sin da Indiyawa, har suka haɗa baki a kan a ɗage jarrabawar aikin hannu sai an buɗe wokshop, ɗakin koyon aikin. Hukuma ta yarda ba da son ranta ba, ta kuma rage masa darussa. Na fara dafa tuwo ina sayar wa ɗalibai 'yan ƙasarmu, muka lallaɓa. Bai ga ranar da aka buɗe wokshop ɗin ba. Abokin aikinsa Encik Rosli, malamin lantarki, shi ya ƙarasa wa yaran horonsu.

Mu dai muna nan, domin na samu gurbin karatu a jami'a. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kamfanonin gyara sun lura yaran kwalejin sun iya aiki, yanzu su ke zuwa nemansu, malamai kuma sun samu kwantiragin shekara. Na san shi, zai girgiza kai ya ce har yanzu kasuwa ce ke mulki, an saurare su ne don gaskiyar ta kawo ciniki. Amma zai ji daɗi.

Kwanan baya Encik Rosli ya gaya mini wata sabuwar malama ta hana wani ɗalibi sakamako, ta ce sai ya maimaita aikin hannu. Ba wanda ya kira ta ofis. Ba ta taɓa ganin Abban Amira ba, da ƙyar ma in ta san sunansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.