Sajan na Finafinai Ya Ajiye Kaki

Kafin kowa ya iso wurin ɗaukar fim, shi ya riga ya iso. Yakan shiga ɗan ɗakin kwalliya, ya goge takalmansa da kansa, ya ɗaura bel, ya karkata hula. Daga nan sai ya tsaya gaban madubi har fuskar nan tasa mai sanyi ta janye a hankali, wata ta fito mai ƙanƙantattun idanu da murmushin gefen baki. Matar da ta daɗe tana shafa masa hoda ta ce har yau in ta ga wannan sauyi sai tsigar jikinta ta tashi, kamar hadari ne ke haɗowa a cikin ɗaki.

Sunansa na yanka ba kowa ya sani ba. Sajan ake ce masa, domin shekara da shekaru shi ne gurɓataccen ɗan sanda a finafinan fashi da kisa: mai ɓatar da shaida, mai sakin ɓarawo ta ƙofar baya, mai cusa ƙunshin ƙwaya a aljihun wanda bai ji ba bai gani ba. Jarumi ya sha tafi, shi ya sha tsinuwa. Matarsa takan tsokane shi cewa ita kaɗai ake yi wa jaje alhali mijinta na raye. 'Yarsa kuwa, tana ƙarama, ta taɓa roƙonsa ya daina matsowa ƙofar makaranta in ya zo ɗaukarta. Ya koma tsayawa can gindin bishiya.

Da rana in an tafi hutu, yakan kishingiɗa a kan benci cikin ɗakin da aka shirya kamar ofishin 'yan sanda, kusa da kurkukun katako mai fentin ƙarfe. Ya sha gaya wa mai kula da fitilu cewa a wannan gyangyaɗin mutanen da ya kama a fim sukan zo masa. Su jeru su zauna, ba faɗa ba kuka, kallonsa kawai suke yi. A nan ya fara ganin abin da idon farke ya ɓoye masa: kusan kamarsu ɗaya. In ba mai duhun fata ba, to ɗan cirani ne mai karyayyen harshe. Jarumin da ke ceton gari kuwa kullum fatarsa da haske.

Ana nan sai aka kawo wani labari. Sajan zai tare motar haya, ya bi fasinjoji da kallo, ya sauke wanda ya fi kowa baƙi ba tare da dalili ba. A ƙarshen fim kuma a gano ai mutumin nan shi ne mai kisan. Ya karanta, ya je ya sami darakta, wanda sa'an ɗansa ne.

"Ɗana," ya ce, "na yi zalunci iri-iri a gaban kyamararka ban taɓa ƙi ba, don na san mai kallo zai tofa min yawu. Wannan kuwa tafa min za a yi. Za a ce ashe idon Sajan ba ya ƙarya. Gobe kuma mai kakin gaske zai tare motar gaske."

Darakta ya sunkuyar da kai ya ce, Baba, masu fim ɗin ba za su yarda a taɓa ƙarshen ba. Aka ba wani rawar, aka daina kiransa. Ya daɗe a gida yana taya matarsa aiki a shagon ɗinkinta, hannunsa na kan yadi, hankalinsa na can wurin fitilu. Bai zagi kowa ba, bai kai ƙara ko'ina ba.

Marubuciyar labarin kuwa ta ji abin da ya faɗa, maganar ta tsaya mata a rai. Ta zauna ta rubuta wani, ta ce in ba Sajan ne zai fito ba a bar fim ɗin. Mota ce dai da fasinjoji da wannan kallon, amma a wannan karo kyamara ta bi wanda aka sauke har ɗakin tsaro, ta koma kan mahaifiyarsa tana jiransa a tasha har motoci suka ƙare. Kuma ba shi da laifin komai. Waɗanda ke wurin sun ce Sajan bai taɓa yin mugunta irin ta ranar ba, kuma ana tsayar da kyamara ya kama hannun ɗan wasan da ya sauke daga motar yana ba shi haƙuri. Wancan ya yi dariya ya ce ai wasa ne, Baba.

Bayan fitar fim ɗin, wata tsohuwa ta tare shi a barandar asibiti ta riƙe hannun rigarsa. Ya ɗauka zagin da ya saba ne, ya tsaya ya karɓa.

"Haka aka yi wa ɗana," ta ce. "Na faɗa har na gaji, ba wanda ya yarda da ni. Sai da ka nuna musu."

Sajan, kai ne ka ari fuskar azzalumi don a gane shi in an gan shi. Kai ne ka yarda a tsane ka, ka ƙi a yaba maka a kan ƙarya. Gwiwa ta gaji, ido ya rage, ga shi bana ka ajiye kaki. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu rubuta labaran nan da masu fitowa a cikinsu, kafin ku nuna wa jama'a fuskar mai laifi, ku tuna akwai mai irin wannan fuskar da zai hau mota gobe da safe, mahaifiyarsa na jiransa a tasha.