Kawu Iro Ya Raka Dosiye Yamai

Ku da kuka san Kawu Iro a jami'ar Maradi kun san ba a tambayar inda yake, kaji ake dubawa. In ka hangi kajin unguwar bayan katanga sun yi layi suna tsince ƙasa daga ƙofar sashen noma zuwa masallaci, to Dakta Iro ya wuce yanzu-yanzu, bi su kawai za ka cim masa. Aljihun rigarsa na dama kullum cike yake da gero, kuma kullum a huje. Matarsa Inna Saude ta ɗinke aljihun nan har ta gaji. Wata rana da idona na gan shi ya sa yatsa yana farke ɗinkin. Na ce, "Haba Kawu!" Ya ce, "Uwata, kajin ga su ma ma'aikatan jami'a ne, in ba ni ba wa ke tunawa da su?"

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma sunan mahaifiyarsa Ramatu aka sa mini, saboda haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba. Ko bayan na zama malama a sashensa, a gaban ɗalibai ma "Uwata" yake ce mini, su kuwa 'yan banzan yara su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Maganarsa ta kullum kun san ta: "Mu gaisa tukuna." Ran nan mai gadi ya shigo buro, wato ofis, a guje yana haki, Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce su gaisa tukuna. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Gazawa, ya tambayi ciwon bayan mahaifin mai gadin, sannan ya ce, "To, mi ke tahe da kai?" Mai gadi ya ce awaki ne suka shiga gonar gwaji. Kawu ya miƙe zumbur ya ce, "Kai, ai da ka faɗa tun ɗazu!"

Dukiyarsa duk duniya ɗaki guda ce a bayan sashe, cike da kwalabe. Tun yana saurayi yake yawon ƙauyuka, daga Gidan Runji har Gazawa, yana roƙon tsofaffi irin gero na kaka da kakanni, wanda mutane suka daina shukawa. Kowace kwalba da sunan wanda ya ba shi a jikinta. To amma iri ba ya zama har abada a kwalba. Shekarar da nake ba ku labari, in muka ɗebi kaɗan muka sa a jiƙaƙƙen tsumma, sai ka ga tsiron tsilli-tsilli. Kawu ya san in ba a shuka su a daminar da ke tafe ba an samu sabon iri, yawancinsu sun tafi ke nan. Kuma ba shukar wasa ba ce. Sai da fili mai shinge, da masu noma, da jakunkunan da za a rufe kan kowane gero kada iska ta gauraya wannan da wancan. Jami'a ba ta da halin wannan, shi ma ba shi da shi.

Lokacin sojoji ke shirin zaɓe su miƙa mulki ga farar hula. Sai aka sanar cewa gwamnati ta buɗe asusun tallafin bincike ga malaman jami'a. Kowa ya rikice da rubutu, don ba wanda ya san ko gwamnatin da za ta zo za ta ci gaba da shi. Kawu ya sa aka goge masa babbar riga, ya zuba takardu a ambulan, ya ce gobe sai Yamai.

Na ce, "Kawu, ba su karɓar takarda. Ta intanet ake aika dosiye, takardun neman duka, daga nan cikin ordinatar, kwamfutar nan."

Ya ce, "To wa zan gaida?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya dube ni kamar na zagi wani babba. "Roƙo ba gaisuwa? Uwata, wanga ai ƙwace ne."

Da ƙyar na zaunar da shi muka buɗe masa shafi. Aka ce ya zaɓi kalmar sirri, ya zaɓa, ya fita ya shelanta ta a ɗakin malamai, ya faɗa wa liman, ya faɗa wa mai shayi na bakin ƙofa. Na ce, "Kawu, sirri fa ake cewa!" Ya ce, "In na manta wa za shi tuna mini?" Kuma wallahi ya manta. Washegari sai da muka aika wurin mai shayi.

Akwai wani ɗan akwati a shafin inda ake taƙaita aikin, an ƙayyade yawan abin da zai ɗauka. Na bar shi da shi na shiga aji. Da na dawo na tarar ya harɗe hannu yana hararar ordinatar, wai ta ƙi rubutu. Na leƙa. Ya yi sallama, ya gaida shugaban asusun, ya gaida mataimakansa da iyalansu, ya tambayi zafin Yamai, ya yi wa ƙasa addu'ar zaɓe lafiya, yana kawowa kan "bayan haka" akwati ya cika. Gero ko sau ɗaya bai fito ba! Mun fi awa muna ciniki kamar a kasuwar Cadawa, ina yankewa yana mayarwa. A ƙarshe ya yarda da "Assalamu alaikum" kaɗai, amma ya ce in sani ni ce na sa shi rashin kunya da furfurarsa.

Mun gama komai ana saura mako a rufe shafin. Na ce alhamdu lillahi, na kai hannu zan aika, ya riƙe mini hannu.

"Tsaya. Kin ga sunayen ga da muka jera? Geronsu ne, amana suka ba ni. Ban tambaye su ba ko sun yarda in kai zancensa gaban gwamnati."

"Kawu, rabinsu fa sun rasu!"

"Suna da ɗiya."

Na yi magiya, na yi faɗa, na kira Inna Saude ta sa baki, ina! Sai da ya sa na rantse ba zan taɓa maɓallin nan ba sai ya dawo, ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha. Yana da salula, amma kun san yadda yake da ita: a kashe, a naɗe cikin hankici, wai kada ta gaji. Labarinsa sai a bakin direbobi nake ji. Wannan ya ce ya sauke shi Agiye, wancan ya ce ya gan shi bisa amalanke wajen Cadawa yana gaida wani mutum a gona. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, in na wuce ɗakin kwalaben nan sai in tsaya ina kallon ƙofarsa.

Ranar Juma'a da la'asar ake rufe shafin. Da safe aka ɗauke wuta a jami'a, na kwashi komai na koma wani siber, shagon intanet, a gari mai injin wuta. Wurin cike da malamai, kowa gumi na zuba yana zagin rezo, wai intanet ba ya tafiya. Aka sauko daga Juma'a ba Kawu. Rana ta karkata ba Kawu. Ga dosiye a buɗe a gabana, ga rantsuwa a wuyana. Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba, kuma ban taɓa yi wa mutum addu'ar isowa lafiya kamar ranar ba.

Sai ga kabu-kabu ya tsaya. Kawu ne, riga ta yi butu-butu, da kaza a hammata. Ashe wadda ta rage masa bai tambaya ba Iya Habsu ce, wata tsohuwar Bafillatana ta wajen Sae Sabuwa, mai wani gero da ke nuna da wuri ko ruwa ya yi gardama. Mutanenta sun tashi da shanu, sai da ya bi sawunsu ruga-ruga kafin ya samu yardarta. Na ce, "Kawu, zo ka danna!" Ya ce, "Mu gaisa tukuna." Ya fara daga mai siber, ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Na manta cewa shi kawuna ne, na kama hannun rigarsa na jawo shi kan kujera. Ya yi bisimilla ya danna. Abin nan ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, kaza na kuka, ni ina salati. Can sai rubutu ya fito cewa an karɓa. Na zauna a ƙasa.

Kawu ya ce, "Ya isa?"

"Ya isa, ga shi an ce an karɓa."

"Wa ya ce?"

"Na'ura."

"Wa ya gan shi da ido?" Na sake nuna masa rubutun. Ya girgiza kai. "Garinmu ko baƙon da ba ka so kana raka shi bakin hanya. Wanga kuwa aikin rayuwata ne, in sake shi shi kaɗai har Yamai? Kuma Iya Habsu ta ce a gaida mata gwamnati, ga kazarta, ta ce kada a canza ma geronta suna."

Washegari ya hau mota da kazar. Jami'a duka aka yi ta dariya, wai Dakta Iro ya tafi rakiyar abin da ya riga shi isa tun jiya. Ni kunya ta hana ni shiga ɗakin malamai.

Ana cikin makon sai salulata ta yi ƙara, na duba, lambar Kawu! Bai taɓa kirana ba tunda aka saya masa ita. Na ɗauka da sauri.

"Uwata, ina wuni? Ina gajiya? Yaya maigidanki? Yara suna lakol, ana ta karatu? Ƙafar Saude ta yi sauƙi? Wa ke ba kajin nan abinci? Madalla, madalla. To, abin da ya sa na kira ki, akwai babbar matsala, dosiyen nan..." Ƙit! Kiredi, kuɗin wayarsa, ya ƙare. Na kira shi nan take, ya riga ya kashe ta ya mayar cikin hankici. Jama'a, ku faɗa mini, wane irin mutum ne wannan?

Ina zagaye buro kamar mahaukaciya sai ga wata baƙuwar lamba. Wani ma'aikacin asusun ne, muryarsa a gajiye. Ya ce, "Madam, akwai wani dattijo nan buronmu da kaza, ya ce ke uwarsa ce." Na ce ni ce. Ya ce dattijon ya ƙi tashi sai an nuna masa dosiyensa da ido, da suka gaji suka buɗe masa, sai aka tarar ya iso babu babbar takardar bayanin aikin a ciki. Cunkoson ranar ƙarshe ya sa da yawa sun iso haka. Sun sa sanarwa a shafin cewa a sake aikowa, kuma gobe wa'adin ke cika. Mu kuwa a Maradi tunda muka ga "an karɓa" ba wanda ya sake leƙa shafin. Ya ƙara da cewa, "Don Allah in kin aiko ki ce mishi ya koma gida. Ya gaida kowa har mai shara, yanzu ya fara zagaye na biyu."

Ban san lokacin da na isa siber ba. Na sake aikawa, mutumin ya kira ya ce ya gani, ya kuma juya wa Kawu fuskar ordinatar shi ma ya gani. A hanyar dawowa na leƙa ɗakin malamai na ba su labari. Masu dariyar nan suka watse a guje kowa zai duba nasa dosiye, har wani ya bar takalmi ɗaya. Kazar kuwa mutanen buro sun ƙi karɓa, sun ce lokacin ba na karɓar kaza ba ne. Ta dawo Maradi tare da shi, ta shiga layin masu bin aljihu, ɗalibai suka sa mata suna 'Yar Yamai.

Amsa ta zo ana gab da shuka: an amince. Na karanta masa, ya sa na sake karantawa, sannan ya shiga ɗakin kwalabe ya rufo ƙofa, ya daɗe bai fito ba. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Muka shuka da ruwan farko. Wasu kwalabe kaɗan ba su tsira ba, ya tsaya kan kunyarsu yana kiran sunayen masu su kamar mai ta'aziyya. Amma yawancinsu sun fito, na Iya Habsu ya riga kowa. Da kaka ya ɗaure dami-dami ya mayar wa kowane gida nasa. Yau in kun bi ta Sae Sabuwa za ku ga geron nan a gonaki, kuma sunansa bai canza ba.

Ya yi 'yan shekaru bayan haka, sannan da bazara ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa. Ban yi kuka sosai ranar jana'iza ba, hidimar baƙi ta hana ni. Sai da damina ta faɗi, wata safiya na zo aiki na ga wani siririn layi kore ya taso daga ƙofar sashen noma, ya bi ta gindin bishiyar bedi, ya karkata wurin mai shayi, ya miƙe har ƙofar masallaci. Geron da kaji suka bari ne ya tsiro. Na tsaya nan na yi kukan da ban yi ba. Masu shara suka zo da fartanya, mai gadi ya tare su, kuma har kaka kowa gefe yake bi.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya yafe masa, ya sa amanar da ya riƙe ta riƙe shi. Allah ya sa mala'iku su tarbe shi da sallama, su bar shi ya gaida su a tsanake, ba mai jan hannun rigarsa. Amin.