A Cikin Rumbun Baba Isa

Ranar Juma'a ce. Da ƙarfe bakwai na safe ina zaune a tsakar gida ina jera takardun dosiyen neman aiki. Shekara biyu ke nan da na gama jami'a na dawo garinmu a ƙasar Magarya, ban samu komai ba. Inna tana dama koko. Ƙanwata Rahila tana shara. Baba yana shafa man zafi a gwiwarsa ta dama, wadda ta daɗe tana hana shi sakat.

Mu Kirista ne, gida tara a garin duka. Ba mu da fasto. Mahaifina, Dauda, shi ne dattijon majami'a. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin dogonyaro. A wurinmu, in aka buga ta ba ranar Lahadi ba, to wani ɗan'uwa yana cikin wahala: rasuwa, ko naƙuda mai wuya, ko gobara. Dattijo ne yake fara amsawa. Shekara talatin Baba bai taɓa jin ta ya ci gaba da zama ba.

Ya kamata in faɗi gaskiya game da kaina. A lokacin na daina addu'a. Ina zuwa sujada ne don kada Baba ya ji kunya. Ba zan ce na bar bangaskiya ba. Ta bushe ne kawai, ban kuma nemi sanin dalili ba.

Da ƙarfe goma rediyo ta ce an ƙona majami'u a wasu garuruwa, saboda wani abu da aka yi a wata ƙasa mai nisa. Na ce wa Inna ba zai iso nan ba. Na kawo mata dalilai har uku.

Da ƙarfe biyu da kwata muka ji babura. Suna da yawa, daga hanyar kasuwa. Sai ihu. Sai ƙarar duwatsu a kan kwano.

Maƙwabcinmu Baba Isa, manomi Musulmi, ya tsallako katanga bai yi sallama ba. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

"Ku fito! Kada ku ɗauki komai!"

Muka bi ta garken awaki zuwa gidansa. Matarsa ta zura wa Inna hijabi ta ja ta ɗaki. Shi kuma ya jingina tsani a jikin rumbunsa na ƙasa, ya ɗaga jinkar. A garinmu ba mai buɗe rumbun wani. Ko matar gida ba ta leƙa shi sai da izini. Ina tsammanin lissafin da ya yi ke nan.

"Yohanna, hau! Rahila, bi shi!"

Muka faɗa kan damman gero. Babanmu ya taka mataki na farko, ya taka na biyu, gwiwar ta ƙi. Ya sake gwadawa. Na miƙa hannu, bai kai ba.

"Rufe su," in ji Baba.

Aka mayar da jinka. Duhu ya rufe mu. Baba Isa ya ɗauke tsanin, ya kai Baba ɗakin da Inna take.

Ba wurin tsayuwa a ciki. Ba wurin miƙe ƙafa. Ƙaiƙayin gero ya shiga wuyana da idanuna. Akwai tsaga ɗaya a bangon, siririya kamar tsinke, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙasa. Na kashe ƙarar wayata, na bar ta don duba lokaci.

Ƙarfe uku saura minti ashirin suka fasa ƙofar gidanmu. Na san kukan ƙofar. Na ji kwanonin Inna suna zubewa. Sai warin fetur. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Muryoyi na ji, ban ga fuska ba, kuma mai tsoro yana iya jin abin da babu.

Ƙarfe uku da minti biyar suka shigo gidan Baba Isa.

"Ina suke?"

Baba Isa ya ce, "Sun gudu tun safe. Ku fita, akwai mata a ciki!"

Wani ya daki rumbun da sanda. Ƙasa ta zubo mana a ka. Rahila ta ciji hannun rigarta. Ba wanda ya hau. Suka fita.

Ƙarfe uku da rabi aka buga ƙararrawa.

Na san ba namu ba ne. Mu sau uku muke bugawa, mu dakata. Wannan duka ne ba tsari, ga dariya a bayansa. Amma ɗakin da Baba yake yana can ƙurya, kuma kunnensa ya yi nauyi. Wataƙila ƙarar kawai ya ji. Wataƙila kuma ya gane, ya ce ko da wani namu a can. Ban sani ba har yau.

Na ji muryar Inna: "Malam, kada ka fita!"

Na ji sandar Baba a ƙasa. Taku, ja. Taku, ja. Ya wuce ta gindin rumbun. Tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Da na kira shi da ya tsaya. Amma akwai mutane a bayan katanga, ina jin maganarsu. Akwai Rahila. Akwai gidan da ya yi ƙarya dominmu. Na buɗe baki, na rufe. Ƙofar zaure ta yi ƙara. Baba Isa yana can bakin titi yana korar mutane, bai gan shi ba.

A nan na yi addu'a. Ba ni da kalmomi masu kyau. Na kifa fuska a kan gero na ce a zuciyata: Yesu, ban iya binsa ba, kai ka bi shi. Na yi ta maimaitawa. Ba zan ce na ga haske ko na ji murya ba. Na ji kamar ba mu biyu kaɗai ba ne a wurin. Na kama hannun Rahila, ta gane, leɓunanta suka soma motsi.

Ƙarfe huɗu saura minti goma ƙararrawar ta yi shiru. Ƙarfe biyar babura suka tafi. Ƙarfe shida da rabi aka ɗaga jinka. Baba Isa bai dube ni ba. Rigarsa duk jini.

"Sauko a hankali," ya ce.

Ƙafafuna sun mutu, sai da ya sauke ni kamar buhu. Ya ce ya tarar da Baba a gindin dogonyaron, an sare shi a ka. Kafin ya ɗauko shi ya cika.

Ba a bar mu mun tsaya jana'iza ba. Ana cewa za su dawo. Da asuba Baba Isa ya ɗaura jaki a amalanke, muka kwanta ni da Inna da Rahila, ya lulluɓe mu da harawa. Muka bi hanyar gonaki. Sau biyu muka ji babur, sau biyu ya kama waƙa yana zagin jakin. Da azahar muka isa Waca. Ya sa mu a mota zuwa Damagaram, ya juya bai sha ko ruwa ba.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko. Ina tashi da sassafe in yi addu'a, ba don kowa ya gani ba. Wasu ranaku tana da nauyi. Ina yi duk da haka. Tambayar ko ya kamata in kira shi ba ta tafi ba. Na daina ɗaukarta ni kaɗai, iyakar abin da zan iya faɗi ke nan.

Cikin gida tara, biyu ne suka koma. Baba Isa da ƙannensa ne suka binne Baba a gefen gonarmu. Ba su san addu'armu ba. Ya aiko cewa sun tsaya shiru na ɗan lokaci, suka kife tsohuwar tukunya a wurin kai. Ya ce akwai gawo kusa, ba zan ɓata ba. Damina ta wuce sau da yawa. Ban je ba tukuna.