Turakun Malam Isiyaku Sun Rasa Teburi

Da an idar da sallar asuba, Malam Isiyaku kafinta yakan zauna a rumfarsa ta Tudun Wada da guntun icen ƙirya da wuƙa, ya feƙe turke ɗaya, tsawon ɗan yatsa. Shekara talatin da biyu da haka yake buɗe aiki. Teburinsa na da ramuka a jere. Sai ya soka turaku, ya matse katako a tsakaninsu, ya goge shi sumul, ƙusa ba ta taɓa shi ba. Yakan ce, "Abin da za ka gyara, kada ka fara ji masa ciwo."

Ku tambayi Atika mai ƙosai. Ranar da mijinta ya rasu aka tarar makarar unguwa ta karye, mazan unguwa suka tsaya kallon juna. Malam ne ya ɗora makarar kan teburin nan ya gyara, kafin azahar aka ɗauki mamaci cikin mutunci. Da yanar ido ta rufe masa gani ma bai ajiye aiki ba, don yatsunsa sun haddace ramukan: na uku kujerar tsuguno, na tara ƙyauren ɗaki. Teburin ne idonsa.

Sai ga shekarar ƙarin albashin Udoji, kowa ya haukace da bene. Aka sayar wa wani Alhaji ɗan kwangila filin rumfar, Malam na Kaduna neman maganin ido. Leburori suka ga ramuka, suka ce gara ta ci, suka faskara teburin suka dafa wake.

Atika ta iske su da matsami a hannu. "Kai ɗan nan, garar garinku da awo take huda katako?"

"Inna, Alhaji ne ya ce a kwashe shara."

Da aka kai wa Alhajin magana, daga cikin marsandi ya amsa: "Ya sayi na ƙarfe mana, ga su nan daga Ingila." Makaho zai haddace ƙarfen Ingila yana da shekara saba'in?

Malam, kai ne ka rufa wa matattunmu asiri. Kai ne maƙi ƙusa, mai riƙo ba rauni. Ko Allah ya isa ba ka yi ba, to mu mun yi maka. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna.

Ku kuma masu sababbin babura, kunya ba ta kama ku? Ba sadaka yake roƙo ba. Abin da ya kamata shi ne Alhaji ya biya katakon maɗaci mai kauri, mai unguwa ya ba da inuwa, kafintocin da suka koya a hannunsa su zo ya nuna masu inda za su huda, su kuma ɗauki halinsa.

Har yau da asuba yana feƙe turke, a zauren ƙaninsa Salmanu. Jiya Atika ta leƙa, ta ga buhu ya kusa cika.

"Malam, ina za ka soka su?"

Ya shafa bakin wuƙar, ya ɗauko wani guntun ƙirya.