Ɗalibi Mai Furfura a Motar Mwenge

A tashar Mwenge ta Dar es Salaam, ga wani dattijo yana kokawar shiga daladala, wato bas ɗin haya, goye da jaka irin ta 'yan firamare. Kansa fari fat, kwat ɗinsa ta sha guga, katin jami'a na lilo a wuyansa kamar laya. Sunan da ke jikin katin Gondwe, Swahilinsa kuwa ɗingishi yake yi, daga ji mutumin Malawi ne. Irin hararar da yake wa yara, ko shakka babu tsohon hedimasta ne, ya baro jikoki a gida ya zo neman digiri.

Wata budurwa ta tashi ta ba shi kujera. Bai gama zama ba ya nuna wa kwandasta katin, wai yana son ragin ɗalibai.

"Haba Baba!" in ji kwandasta. "Ragin na masu gajeren wando ne. Amma zaɓi ɗaya: tsoho ya zauna ya biya cikakke, ɗan makaranta ya tsaya. Wanne ne kai?"

"Ƙyale shi, malamin nasa ma jikansa ne!" in ji wata mai kifi da ke tsaye. Mota ta kwashe da dariya.

Dattijon ya shafa kumburarriyar gwiwarsa, ya dubi kujerar. Sai ya miƙe a hankali ya kama ƙarfe.

"Ɗalibi ne ni, ɗana. Tun kafin a haife ka nake son in faɗi haka."

Kafin ya rufe baki, mai kifi ta haye kujerar da bokitinta.