Sunan da Ba Mu Raɗa Masa Ba

Ƙanena ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Muna zaman makoki a Ƙofar Marke, mahaifinmu yana kan buzunsa yana karɓar gaisuwa, sai ga 'yan kabu-kabu daga unguwar Gidan Igwai, inda marigayin yake tsayawa da babur ɗinsa. Suka durƙusa. Babbansu ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya jiƙan wane. Sunan da ya kira ba na Musulmi ba ne.

Ni na san sunan. Na wani ɗan ƙwallon Sifaniya ne, ɗan tsakiya, wanda ya ƙare wasansa a ƙungiyar da ba ta ɗaukar kofi. Ƙasarsa ta taɓa kiransa, ba ta sake ba. A gidan kallo kowa yana bayan manyan ƙungiyoyi, ƙanena kaɗai yake jiran wasan wannan mutum. Aka yi ta yi masa tsiya har sunan ya bi shi. Mahaifinmu malami ne, bai taɓa son ƙwallon nan ba, sun sha saɓawa a kanta. Shi ya sa muka ɓoye masa laƙabin.

Baba bai shafa addu'ar ba. Ya ce, "Wa kuka yi ma addu'a?"

Babban nasu ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru suna tare, babu wanda ya san sunan ƙanena na yanka a cikinsu. Tsorona kada Baba ya sallame su, ƙanena ya rasa addu'ar mutanen da suka fi mu zama da shi.

"Shi mai sunan ga, mi shika yi cikin ƙwallon?" in ji Baba.

Babban nasu ya ce, "Malam, ba shi ci. In wani ya ɓata, shi ka zuwa ya gyara, ya miƙa ma wani ya ci. Ko fuskatai ba a cika nunawa ba."

Wani daga baya ya ce, "Haka ɗanka yake, Malam. Babur ya mace mani a unguwar Gidan Dare da rana tsaka, ya bar layinai ya tura ni har wurin bakanike. Ƙwallon dai ce bai iya ba." Aka fara dariya, aka haɗiye.

Sai Baba ya faɗa musu sunan da ya raɗa wa ɗansa, ya sa suka maimaita, ya ja addu'a mai tsawo, suna amsawa.

Da suka tafi ya juyo gare ni. "Faɗa mani sunan ga kuma." Na faɗa. Ya gwada, harshensa ya ƙi, ya sake gwadawa.

Na ji an ce ɗan wasan ya yi ritaya. Ban sani ba ko ana tuna shi a garinsu. Na gode masa duk da haka. A Gidan Igwai har yau in an kira sunansa sai a ce Allah Ya jiƙansa, alhali yana raye.